Mahujin Bishiya na Haglöf: Kafin Ka Bi Inda Lanƙwasasshiyar Bishiya Ta Nuna, Fara Sanin Shekarunta

A dazuzzukan gabashin Amurka, daga jihar Jojiya har yankin manyan tafkuna, akwai wasu bishiyoyi masu tsayar da mai tafiya. Gangar jikin takan tashi daga ƙasa kamar mita ɗaya, ta karya kwana ta kwanta, sannan ta sake yin gwiwa ta nufi sama. Masu bin diddigin tarihi suna cewa wasu daga ciki 'yan asalin ƙasar ne suka lanƙwasa su tun suna ƙanana, don su nuna hanya ko mashigar kogi ko idon ruwa. Masu neman binnanniyar dukiya kuwa sun ɗauki maganar sun ƙara mata gishiri. A wurinsu kowace gwiwa yatsa ce mai nuna inda ɗan fashin nan Jesse James, ko ƙungiyar asiri ta Knights of the Golden Circle, suka binne zinariya. Sai dai akwai tambayar da ta riga wannan gardama: shekarun bishiyar nawa, kuma yaushe ta lanƙwashe? Abin da ke amsa wannan ba tare da an sare ta ba shi ne mahujin da masu aikin gandun daji ke amfani da shi, kuma wanda ya fi yaɗuwa a hannunsu shi ne na kamfanin Haglöf da ke garin Långsele a ƙasar Suwidin.

Kayan aikin tsoho ne. Wani Bajamushe masanin gandun daji, Max Pressler, ya ƙirƙiro shi a ƙarni na 19, kuma siffarsa ba ta sauya sosai ba. Guda uku ne kawai: bututun ƙarfe mai kaifin baki da tiredi a kansa, wato murɗaɗɗen layi irin na jikin sukuru, wani siririn cokali mai haƙora a baki wanda ke shiga cikin bututun, da mariƙi shuɗi wanda shi ne kuma kuben da ake mayar da sauran biyun ciki idan an gama. Idan ka murɗa bututun cikin bishiya, yakan yanko wani siririn tsinken itace daga ɓawo har zuciya, a kan tsinken nan kuma ake ƙidaya zoben shekara, wato da'irar itacen da bishiya ke ƙarawa sau ɗaya kowace shekara. Ana sayar da shi da tsawo daban-daban, daga milimita 100 har zuwa mita ɗaya, kaurin tsinken kuma akwai milimita 4.3, da 5.15, da 10, da 12. Kuɗinsa 'yan ɗaruruwan dalolin Amurka ne gwargwadon tsawo, kuma ana samun kowane ɓangare daban idan ɗaya ya lalace.

Don wannan aiki, sayi mai tsawon milimita 400, kauri 5.15, mai tiredi biyu. Dalilin tsawon lissafi ne: kana buƙatar ka wuce tsakiyar bishiya kaɗan, don haka 400 zai ishe ka ga gangar da faɗinta ya kai wajen santimita 70. Na 4.3 tsinkensa yakan karairaye a hannu, na 10 da 12 kuwa ramin da suke bari ya yi girma ga tsohuwar bishiya, murɗa su kuma aikin ƙarti ne. Maganar tiredi ita ce inda mutane suka fi yin kuskure wajen saye. Mai tiredi uku yana shiga milimita 12 a kowane zagaye, ya fi saurin kama itace, kuma ya dace da bishiyoyi masu taushi irin su fayin (pine), mai ganye kamar allura. Mai tiredi biyu milimita 8 yake ci a zagaye, amma ƙarfin hannunka ya fi tasiri a kansa. Yawancin lanƙwasassun bishiyoyin da ake magana a kansu bishiyar ok (oak) ce, itace mai tauri ƙwarai, kuma a cikinsa mai tiredi uku yakan yi nauyin da zai sa mutum ya danna da dukkan jikinsa, a nan ne bututu ke karyewa. Da mai tiredi biyu, santimita 30 zai ci maka zagaye kusan 38.

Yadda ake hudawa ba wuya a faɗa. Da farko bi jikin bishiyar da na'urar gano ƙarfe, musamman 'yar ƙaramar ta hannu. Bishiyar da ta daɗe kusa da tsohuwar gona ko hanya takan haɗiye ƙusa da wayar shinge, kuma ƙusa ɗaya ta isa ta ɓantare bakin mahujin, daga ranar kuma tsinkenka zai riƙa fitowa a murɗe, a yage. Shafa kakin zuma a tiredin. Nemi tsagar ɓawo inda ya fi siranta, kafa bakin a nan, ka saita shi daidai da tsakiyar gangar, ka danna kana murɗawa hannun dama a hankali. Santimita biyu ko uku na farko su ne mafi wahala, domin idan bututun ya yi rawa a nan, zoben shekarun baya-bayan nan za su farfashe, ƙidayarka kuma daga su take farawa. Kamfanin yana sayar da wani abin tokarewa da ake jinginawa a ƙirji don wannan mataki, kuma ga itacen ok ya cancanci kuɗinsa. Da tiredin ya kama, daina dannawa, ka murɗa da hannu biyu. Idan kana son sanin ko ka kai tsakiya, ɗora cokalin a gefen gangar ka gwada da tsawon da ya shige. Sai ka zura cokalin har ƙarshe, ka mayar da mariƙin baya zagaye ɗaya don tsinken ya tsinke daga jikin bishiyar, ka jawo cokalin a hankali.

Daga nan kada ka tsaya kallon tsinken. Miƙa shi ga abokin tafiya ko ka ajiye shi a kan jaka, ka kwance bututun nan take. Itacen da tiredi ya matse yana komawa mazauninsa cikin 'yan mintuna, ya riƙe ƙarfen gam. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a tarihin sana'ar: a 1964 wani ɗalibi mai suna Donald Currey ya kasa samun abin da yake nema da mahujinsa a jikin wata bishiya a dutsen Wheeler da ke Nebada, hukumar gandun daji ta ba da izini aka sare ta, da aka ƙidaya zobenta sai aka tarar sun haura 4,800.

Inda aikin ya bambanta da na ma'aikacin gandun daji shi ne wurin hudawa. Shi yakan huda a tsayin ƙirji, mita 1.3 daga ƙasa, ya wuce. Kai tsinke biyu kake buƙata. Na farko daga gindi, ƙasa da gwiwar farko, shi zai ba ka shekarun bishiyar gaba ɗaya. Na biyu daga gangar da ta miƙe sama, kusa da inda ta fito daga kwantaccen ɓangaren gwargwadon yadda mariƙin zai iya juyawa. Wannan na biyun ya fi muhimmanci. Gangar da ta miƙe ɗin toho ce ko reshe wanda ya karɓi shugabanci bayan an kwantar da uwar, saboda haka shekarunta su ne kusan shekarun lanƙwasawar. Idan gindi ya ba ka 95, miƙaƙƙiyar ganga ta ba ka 80, to abin da ya kwantar da bishiyar ya faru ne shekara 80 da suka wuce, tana 'yar shekara 15. Ka tsaya ta gefe lokacin hudawa, domin mariƙin na 400 yana buƙatar sarari, idan ka tsaya a saman kwantaccen ɓangaren zai riƙa bugunsa.

Akwai wani tarko a nan. Bishiyar da ta karkata ba ta ajiye zuciyarta a tsakiya. Masu faɗin ganye irin su ok suna ƙara kauri a gefen sama na karkatar, don haka zuciyar takan matsa ƙasa. Dangin fayin kuwa a gefen ƙasa suke ƙara kauri, zuciyarsu ta matsa sama. Wanda ya saita tsakiya da ido zai wuce ta gefen zuciyar. Za ka gane haka idan zoben ƙarshen tsinken suka koma kamar baka maimakon layuka a tsaye. Kada ka yi ta huda bishiya kana laluben zuciya. Zana da'irori masu cibiya ɗaya a kan leda mai kauri da ake gani ta ciki, tazararsu daidai da faɗin zoben ciki, ka ɗora a kan bakan ka ga zobe nawa suka rage. Kuskuren shekara biyar ba zai sauya hukuncinka ba.

Ƙidayar a gida ake yin ta. Zura tsinken cikin bututun shan lemo na takarda, ka naɗe bakinsa, ka rubuta lambar bishiya da gefen da ka huda. Na roba yakan riƙe laima, tsinken ya yi fumfuna. Bayan ya sha iska kwana biyu ko uku, manna shi da gam a kan siririn katako mai kwari, zaren itacen yana tsaye kamar yadda yake a jikin bishiya, in ba haka ba zoben ba za su fito ba. Goge shi da sampefa daga mai lamba 120, zuwa 220, zuwa 320, har 400. Ƙidaya daga ɓawo zuwa ciki da gilashin ƙara girma mai ninki 10, kana ɗiga fensir a kowane zobe na goma. Ok yana da sauƙi, domin kowace shekara tana farawa da jerin manyan ƙofofin ruwa da ido ke gani. Bishiyoyin bic (beech) da mafal (maple) da asfen (aspen) kuwa zobensu dishi-dishi ne, sai an goge sosai, wani lokaci a ɗan shafa ruwa. Bishiyar da ta sha wahala a inuwa takan yi zobe sirara kamar gashi, ko ta tsallake shekara a gefe ɗaya, don haka adadin da ka samu ka ɗauke shi a matsayin mafi ƙaranci.

To me za ka yi da adadin? Ka gwada shi da tarihin wurin. Dokar kwashe ƙabilun asali daga gabas ta fito a 1830, Fotawatomi sun sa hannu a yarjejeniyar Cikago a 1833, an kori Ceroki daga Jojiya a 1838. Daga 1838 zuwa 2025 shekara 187 ke nan. Bishiyar da ta lanƙwashe shekara 80 da suka wuce a arewacin Jojiya ba aikin Ceroki na wancan zamani ba ce, kome kyan gwiwarta. An kashe Jesse James a 1882, don haka gangar da ba ta kai shekara 140 ba ba ta taɓa ganinsa ba. Da yawa daga cikin bishiyoyin da ake ɗauka da hoto ana murna a nan suke faɗuwa, kuma dalilin a fili yake: an sare yawancin dazuzzukan gabashin Amurka a ƙarni na 19 da farkon na 20, abin da ke tsaye yanzu sabon tashi ne. Girma ma yana ruɗi. Ok ɗin da ya samu fili da ruwa zai yi kaurin da wani na kan tsandauri ba zai kai ba ko ya ninka shi shekaru.

Abubuwan da ke kwantar da ƙaramar bishiya ba tare da hannun mutum ba suna da yawa: babbar bishiya ta faɗo ta danne ta, ƙanƙara ta daskare a rassanta ta sunkuyar da ita, masu sarar katako su ja gungume ta kanta. Gungumen da ya danne ta zai ruɓe ya ɓace cikin shekaru, gwiwar kuwa ta zauna har abada. Idan ka ga lanƙwasassu uku ko huɗu a wuri ɗaya, duk sun kwanta gefe guda, shekarun lanƙwasawarsu kuma ɗaya, guguwa ko ƙanƙarar shekara ɗaya kake kallo. Wannan ba ya nufin babu na gaskiya. Ƙungiyar Mountain Stewards a Jojiya ta tattara bayanan irin waɗannan bishiyoyi masu yawa, al'ummar Komanci kuma ta amince da wasu 'yan kaɗan a Teksas bayan dogon bincike. Amma ko wadda ta tabbata, yawanci hanya take nunawa ko ruwa. Mutanen da suka lanƙwasa ta matafiya suke yi wa hidima.

A kan zane da rubutun jikin bishiya, mahujin yana da iyaka, kuma gara mai saye ya san ta. Abu na farko da ya kamata a riƙe: zane ba ya hawa sama. Bishiya daga kan rassanta take ƙara tsawo, gangar kuwa kauri kawai take ƙarawa. Abin da aka zana a tsayin ƙirji a 1900 yana nan a tsayin ƙirji. Duk wanda ya ce maka alamar da ke mita huɗu sama tsohuwa ce ƙwarai shi ya sa ta hau, bai san bishiya ba. Ko dai an hau wani abu an zana ta, ko tabon reshen da ya karye ne. Abin da ke sauyawa shi ne faɗi. Haruffa sukan buɗe gefe da gefe, tsayinsu yana nan yadda yake, har harafin O ya koma kamar ƙwai a kwance. Zanen da layukansa sirara ne, gefensu da kaifi, sabo ne ko da an rubuta 1865 a ƙarƙashinsa.

Idan wuƙar ɓawo kawai ta yanka, kamar yadda ake yi a jikin bic da asfen masu santsi, babu tabon da zai shiga cikin zobe, don haka mahujin ba zai ba ka shekarar zanen ba. Abin da zai ba ka shi ne iyaka. Huda ta bayan gangar, nesa da zanen. Ka ce mai zanen yana buƙatar ganga mai faɗin aƙalla santimita 15 kafin ya samu wurin rubutu. Auna santimita 7.5 daga zuciya a kan tsinken, ka ƙidaya zoben da suka rage zuwa ɓawo. Zanen ba zai girmi wannan adadi ba. Wannan kaɗai ya isa ya rushe labaran da ake bayarwa cewa wasu alamomin jikin asfen Sifaniyawa ne suka yi su a ƙarni na 18, domin gangar asfen ba kasafai take wuce shekara 100 da 'yan kai ba. Dubban zane-zanen da ke jikinta a tsaunukan Nebada da Idaho da Kalifoniya aikin makiyayan tumaki ne 'yan ƙabilar Bask, masu asali daga iyakar Sifen da Faransa, waɗanda suka riƙa rubuta sunayensu da garuruwansu da shekara a lokacin kaɗaicin kiwo.

Idan kuwa sara ce da ta ratsa ɓawo ta kai itace, bishiyar takan naɗo sabon nama daga gefe biyu ta rufe, kuma ana iya ƙidaya zoben wannan naɗin daga ɓawo zuwa baƙin layin tabon. Aiki ne mai wuya, sau da yawa bayan tabon ruɓa ce. Kafin ka ɗauko mahuji, karanta abin da aka rubuta. Haruffan BT (bishiyar shaidar iyaka), ko T da R da S tare da lambobin fili, aikin safiyo ne. Tun dokar 1785 ake yanka filayen Amurka murabba'i mai mil 6, kowanne kashi 36, kuma safiyo yakan sassaƙe bishiyar da ke kusa da kusurwa ya rubuta mata waɗannan, ya shigar da nisanta a littafinsa da ma'aunin sarƙa mai ƙafa 66. Irin wannan bishiya lallai tana nuna wani wuri, wurin kuwa turken iyaka ne, lalata ta kuma laifi ne a dokar tarayya. Haka nan jerin tsagogi masu kama da kan kibiya da ke kallon ƙasa a jikin tsofaffin fayin na Fulorida da Jojiya: masu tatsar danko ne suka yi su don ya gangara cikin kofin da suka rataya a ƙasa. Kibiyar kofi take nunawa.

Akwai lokutan da bishiya ta nuna abin da aka binne da gaske, kuma yana da kyau a dubi yadda alamar ta kasance. A Ostareliya, ranar 21 ga Afrilu 1861, William Brahe ya binne guzuri a gindin wata bishiya a bakin rafin Cooper don ayarin masu binciken ƙasa na Burke da Wills, ya sassaƙa kalmar DIG, wato tona, a jikinta. Da suka iso da yammacin ranar, sun karanta sun tona sun samu. A Kalifoniya a 2013, wasu ma'aurata sun tono tsabar zinariya 1,427 a cikin gwangwanaye a filinsu, kuma sun ce tun da daɗewa suna ganin wani tsohon gwangwani da aka rataya a bishiya har ta haɗiye shi. Mai binne abu yana son ya dawo ya same shi cikin sauƙi, don haka alamarsa takan zama a sarari, kusa da ramin. Lanƙwasa ƙaramar bishiya a jira ta shekara goma ta sandare ba dabarar mai gudun hukuma ba ce.

Aibin kayan aikin kansa ba shi da yawa, amma akwai. Cokalin siriri ne, yana lanƙwashewa idan ka tura shi da ƙarfi, kuma shi ne ya fi ɓata a cikin ganye. Ɗaura masa jan ƙyalle, ka sayi na biyu tun farko. Baƙin shafin da ke jikin bututun yana gogewa da amfani, daga nan tsatsa ke samun wuri, musamman bayan ok, wanda ruwansa ke baƙanta ƙarfe. Tsofaffin lanƙwasassun bishiyoyi kuma sau da yawa kogo ne a ciki, domin ruwa yana kwanciya a gwiwa. Idan ka ji murɗawa ta yi sauƙi kwatsam, tsaya, ka juya baya kana ja, domin tiredin da ya faɗa cikin ruɓa ba shi da abin kamawa, zai yi ta juyawa a wuri ɗaya. Idan ruɓaɓɓen itace ya toshe bututun, tura shi da siririn sandan katako, kada ka taɓa bakin da ƙusa ko waya. Bayan kowace fita, wanke cikin da ɗan ƙyalle da mai mara kauri, ka busar.

Ramin da ka bari rauni ne. Dangin fayin suna toshe shi da dankonsu, amma bic da mafal da asfen sukan yi baƙin tabo a ciki, wani lokaci ruɓa ta biyo. Kada ka cusa masa kome, barinsa a buɗe ya fi. Goge bututun da sifirit tsakanin bishiya da bishiya, kuma a jihohin da ake fama da cutar da ke busar da ok, kada ka huda daga bazara zuwa tsakiyar lokacin zafi, lokacin da ƙwarin da ke yaɗa ta ke bin sabon rauni. A filin mutum sai da yardarsa, a filin gwamnati sai da takardar izini. An haramta amfani da na'urar gano ƙarfe a gandayen shaƙatawa na ƙasa, dokar 1979 kuma ta hana tono kayan tarihin da suka haura shekara 100 a filayen tarayya da na ƙabilun asali. Bishiyar da wata ƙabila ta riga ta amince da ita a bar ta haka nan, tef da hoto sun isa.

Wanda ke tunanin kawo mahujin gida ya sani cewa ba kowace bishiyarmu zai karanta ba. Giginya da goruba ba su da zobe sam, kuka kuwa cikinta laushi ne mai zare da ruwa, masana ma da gwajin sinadarin kabon suke auna shekarunta. Ga mai yawon dazuzzukan Amurka ko Turai da ke yawan cin karo da irin waɗannan bishiyoyi, ya cancanci saye, kuma ɗaya zai ishi ƙungiya guda idan mutum ɗaya ne ke riƙe da shi yana kula da bakinsa. Wanda bishiya ɗaya ce tak ke damunsa, ya nemi ma'aikacin gandun daji na yankin ya huda masa, ya karɓi tsinken ya je gida ya ƙidaya.